Yadda ake haɗa jirgin saman yaƙin Japan, Zero, da kwali tun daga firintin har ya tsaya da ƙafarsa

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga jirgin nan a kan kanta sai ya kai hannu ya ɗaga, yana ɗagawa sai kaga ya yi turus saboda ya ɗauka roba ce ko ƙarfe, sai yaji abu shafal kamar ba komai a hannunsa. Takarda ce zalla da gam, sai 'yar waya a ƙafafu da farfela. To tunda tambayar tayi yawa bari in zauna in faɗi yanda nake yi dalla-dalla, amma tun yanzu ka riƙe abu ɗaya don shi zan ta maimaitawa har ka gaji dani: gam baya lanƙwasa takarda, yatsunka ne ke lanƙwasa ta, gam riƙewa kawai yake yi. In ka tilasta wa kwali da gam ya zauna inda bai yarda ba, wallahi sai ya nuna a jikin jirgin.

Jirgin da nake magana shine Mitsubishi A6M, wanda duniya ta sani da Zero. Injiniya Jiro Horikoshi ne ya jagoranci zana shi, ya fara tashi ranar 1 ga Afrilu 1939, sojan ruwan Japan suka karɓe shi a 1940 wadda a lissafin shekarun masarautarsu ita ce 2600, daga sifilin ƙarshen nan sunan ya fito. An ƙera sama da 10,000, kuma kamfanin Nakajima ma yafi Mitsubishi ɗin ƙera su da yawa. Kala-kala ne, shiyasa kafin ka sauke zane ka san wanne kake so. Ni wanda nake ba mai farawa shawara shine A6M2 samfurin 21, irin wanda Japan ta kai hari dashi Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii, ranar 7 ga Disamba 1941, launinsa ɗaya ne fari-fari mai ɗan toka da ya ɗan ja zuwa kore, hular injin baƙa, fiffike mita 12 daga baki zuwa baki, tsawon jiki mita 9 da 'yan kai. Akwai A6M5 samfurin 52 na 1943, mai koren baya da fiffike mita 11, yana da kyau sosai amma salansoshinsa ɗai-ɗai suke leƙowa ta bayan hular inji, aiki ne na ƙari, kuma duhun koren nan duk inda farin bakin takarda ya leƙo sai ya tona maka asiri. Bar shi sai karo na biyu.

Sai girma. Masu wannan sana'a ta jirgin kwali, musamman mutanen Poland da suka fi kowa riƙe ta (mujallarsu Mały Modelarz tun 1957 ta fara fitar da irin zanen nan), sun fi amfani da 1:33, wato komai an rage shi sau 33. A haka fiffiken samfurin 21 zai zo maka santimita 36 da ɗan ɗori, jiki kuma wajen 27 da rabi. In ka samu 1:48 fiffike santimita 25 kenan. Mutane na ɗauka ƙarami yafi sauƙi, ba haka bane sam, ƙaramin shine mai wahala don sassan sai da hantsaki. Ɗauki 1:33. Zanen ana samunsa a intanet a fayil ɗin PDF, akwai na kyauta akwai na kuɗi, ka zaɓi wanda yazo da hotunan yanda ake harhaɗawa da lamba a jikin kowane sashi, kuma in na sayarwa ne ka biya mai shi, mutum ya ɓata watanni yana zanawa.

Kayan aiki ba wasu masu tsada bane. Kati fari mai nauyin giram 160 zuwa 180, girman A4, in baka gane ba kace wa mai shagon takarda kana son wanda bai kai katin gayyatar biki kauri ba amma yafi takardar fotokofi sau biyu, kuma mara sheƙi, don mai sheƙi gam baya kama shi da kyau. Kwali mai kaurin milimita 1 na ƙasusuwan ciki, wato sassan da ke riƙe siffar jirgin ta ciki waɗanda katin zai rufe kamar fata, bayan tsohuwar kalandar tebur ko kwalin da ake sawa cikin sabuwar riga duk suna yi, amma banda kwalin katan mai rami-rami a ciki. Farin gam irin na kafintoci, da sufa gulu ɗan ƙarami na wuraren waya. Rezar tiyata lamba 11 da mariƙinta, ana samu a manyan kemis, sayi da yawa don takarda na cinye kaifi fiye da yanda kake zato. Ƙaramin almakashi mai tsini, rula ta ƙarfe, biro da tawadarsa ta ƙare, tsinken sakace, tsinken tsire, hantsaki, samfefa mai laushi, kilif ɗin takarda huɗu ko biyar, fentin ruwa na 'yan makaranta ko maka, wato alƙalamin launi, mai launin toka da baƙi da ja, sai farar robar nan garai-garai da ake sawa a bangon takardu in an kai bayindin. Abin yanka a kai kuma, in baka da faifan roba na yanka to shimfiɗa kwali mai kauri, kar ka yanka akan tayil ko gilashi, nan take reza zata dakushe.

Wajen firintin nan ne na taɓa ƙonewa. Na kai fayil wani shagon kwamfuta, yaron shagon ya buga min shafi uku daidai sannan takarda ta maƙale, da ya sake turawa sai na'urar ta ɗan matse sauran shafukan don su shige cikin fejin, ni ban lura ba shima bai lura ba, bambancin bai fi kashi uku cikin ɗari ba, sai da nayi kwana huɗu ina aiki nazo sa fatar jiki akan ƙashi naga ta ƙi haɗuwa da kusan milimita biyu. Dole na koma farko. Don haka ka tsaya akan mai bugawa, ya saita a 100%, duka shafukan a firinta ɗaya rana ɗaya, in akwai layin awo a gefen shafin ka ɗora rula ka tabbatar kafin ka bar shagon. Ka buga kwafi biyu in da hali, zaka gode min. Firinta mai tawadar ruwa launinta na shiga cikin takarda baya tsagewa a lanƙwasa amma ɗigon ruwa ko gumin hannu na ɓata shi, mai garin tawada kuma ruwa baya damunsa amma yana farfashewa a wurin ninki. Ni na fi son mai tawadar ruwa, in na dawo gida sai in fesa wa shafukan banish mara sheƙi sama-sama, nesa da takardar kamar kamu ɗaya da rabi, in barsu su kwana.

Kar ka yanke komai gaba ɗaya ka tara. Sashin da zaka haɗa yanzu shi kaɗai zaka yanka, kuma kafin ka raba shi da shafin ka rubuta lambarsa a baya da fensir, don zobban jikin jirgin nan kamarsu ɗaya. Inda aka nuna layin ninki ka bi shi da mataccen biron nan da rula tun kafin yanka, ka danna ne kawai kar ka huda. Miƙaƙƙen layi da reza da rula, mai lanƙwasa da almakashi kana juya takardar ba almakashin ba. Yanka a tsakiyar baƙin layin, ba ciki ba ba waje ba, kuma yanda ka fara haka zaka ci gaba har ƙarshe. Duk abinda ka yanka ka bi bakinsa da launi tun kafin gam ya taɓa shi, don in gam ya bushe a wurin fenti baya kamawa. Riƙe makar ta bayan takardar ka goga gefenta, in hannu ya zame sai ya ɓata baya ba fuska ba. Launin ya ɗan fi na jikin haske, in yafi duhu sai kaga jirgin duk layi-layi kamar an ɗinke shi.

Fara da ƙasusuwa. Sassan da aka sa wa alamar a liƙa akan kwali, yawanci tauraro ne ko ƙari a gefen lambar, ka yanko su da ɗan fili, ka shafa gam siriri akan kwalin mai milimita 1, ka ɗora, ka danne da littattafai masu nauyi su kwana. In kayi gaggawar yanka da danshi zasu bankare, ƙashi in ya bankare kuwa jirgi ya karkace kenan har abada. Washegari ka yanka, reza a tsaye cak, kar ka nemi ratsa kwalin da ja ɗaya, sau uku huɗu a hankali. Sannan ka bi gefen da samfefa har baƙin layin ya kusa ɓacewa, saboda kaurin fatar da zata zagaye shi ma yana cin wuri.

Mazaunin matuƙi shi ake fara haɗawa don in jiki ya rufe babu ƙofar shiga. Bene, allon agogo, sandar tuƙi da zaka naɗe da siririyar takarda akan waya, gindin bindigogi biyu masu milimita 7.7 da suke leƙowa ta gefen allon agogon hagu da dama, sai kujera. Kujerar nan ka tsaya ka kalle ta da kyau, duk huda-huda ce, kuma haka take a jirgin gaske, an huhhuda ta ne don a rage nauyi. Haka suka bi jirgin nan gaba ɗaya suna rage duk giram ɗin da zai ragu, babu sulken ƙarfe a bayan matuƙi, tankin mai babu robar da ke toshe kanta in harsashi ya huda, nauyinsa ba kaya bai wuce kilo 1,680 ba, shi ya bashi juyi da dogon zango har ya tashi daga Taiwan yaje Filifin ya yi faɗa ya dawo, kuma shine dalilin da yasa in harsashi ya same shi yake kamawa da wuta da matuƙin da ke ciki. Duk sanda nazo huda ramukan kujerar nan da bakin allura sai abin ya tsaya min a rai. Ka huda su, kar ka barsu a zane, ana hango su ta gilashi.

Yanzu gangar jiki, nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe. Jikin Zero kusan babu miƙaƙƙen layi, daga bayan inji yake kumbura sannan ya tafi yana sirancewa har ya ƙare da tsini a bayan wutsiya, shiyasa aka yanka shi zobe-zobe kamar gwangwanaye da ake jerawa. Ɗauki zobe ɗaya, kifa shi akan cinyarka ko tafin hannu ko shimfiɗar maus, ɗora tsinken tsire ko jikin biro a bayansa ka dinga murzawa kana dannawa kamar mai murza taliya, gaba da baya, zakaji takardar tana saki tana naɗewa da kanta. Zoben da gefe ɗaya yafi faɗi kar ka murza shi a miƙe, ka dinga karkata tsinken yana bin inda tsinin zai kasance kamar kana buɗe mafici. Ci gaba da yi har sai in ka ajiye shi akan tebur bakin biyu sun kusa taɓa juna ba tare da ka riƙe ba. In bai kai haka ba to bai isa gam ba tukuna. Takarda ma tana da gefen da tafi son naɗuwa, in kaji ta yi taurin kai tana neman karyewa sai ka ɗan huro mata numfashi a baya, danshin bakin nan kaɗai ya isa, kar ka sa ruwa.

Wurin haɗe bakin, wasu zanen suna zuwa da 'yan kunnuwa da ake ɗora wa ɗaya bakin a kai, ni yanke su nake yi, don in ka ɗora takarda kan takarda sai tudu ya fito. Sai in yanko siririn ƙyalle na takardar fotokofi faɗin milimita 6, in liƙa rabinsa ta ciki a baki ɗaya, ya ɗan sha iska, sannan in kawo ɗaya bakin su yi karo da juna kai da kai akan ƙyallen, in sa hantsaki ko jikin biro ta ciki in danne. Gam kuma da tsinken sakace ake ɗiba, ɗan kaɗan, a shimfiɗe shi har ya zama kamar ba'a sa ba. In ya fito ta gefe da ka danna to yayi yawa. Ajiye tsumma mai ɗan danshi kusa kana goge yatsu, rabin dattin da ake gani a jikin jirgin kwali daga yatsa yake.

Bayan zoben ya bushe sai ka gwada ƙashinsa a ciki babu gam. Ya shiga da ɗan tsauri kaɗan, ba sai an tura da ƙarfi ba kuma ba yana faɗowa ba. In yayi girma koma samfefa, in yayi ƙanƙanta zagaye bakinsa da siririyar takarda. In ka cusa babba da ƙarfi zai fito ta waje kamar haƙarƙarin ramammiyar akuya kuma babu gyara. Akwai ɗan layi a saman ƙashin da ƙasansa, ka daidaita shi da tsakiyar zoben sosai, don kuskuren rabin milimita a zobe na farko kafin ka kai wutsiya ya zama jirgi mai murɗaɗɗen ƙugu. Sannan ka zagaya cikin bakin zoben da wani ƙyallen da aka tsattsaga bakinsa kamar haƙoran zarto, rabinsa a waje, shi zobe na gaba zai hau. Ni daga mazaunin matuƙi nake farawa in tafi baya, sannan in dawo in yi gaba. Kowane zobe ka gwada shi a bushe sau biyu sau uku, ka duba jan zagayen tutar Japan da ke gefen jiki da layukan faranti sun haɗu, sannan gam. Kana gama kowanne ka ɗaga jikin saitin idonka ka leƙa ta wutsiya kamar mai duba miƙewar katako. Lokacin hunturu gam na bushewa kafin ka gama saitawa, sai ka ɗan tsarma shi da ɗigon ruwa ka kuma shafa rabi-rabi, da damina kuma takarda na yin laushi, ka ƙara mata lokacin bushewa kar ka matsa.

Fiffike. A jirgin gaske fiffiken nan guda ɗaya aka ƙera shi daga baki zuwa baki haɗe da tsakiyar jiki, kaima haka zaka yi, doguwar sandar kwalin da ke ratsa jiki kar ka raba ta biyu, ita ke riƙe ɗagawar da fukafukan suka yi sama kaɗan. In kwalinka yana da laushi ninka ta biyu. Zura ta a ramin jiki, ɗora jirgin akan tebur, auna daga tebur zuwa bakin hagu da bakin dama da rula, sai sun zo ɗaya kafin ka sa gam. Jera haƙarƙarin fiffiken a kanta, bi su da samfefa a shafe, ka liƙa musu siririyar takarda a baki don kar su buga tambari a fata.

Kafin ka naɗe fatar fiffike ka fara yanke ramin taya ka haɗa akwatinsa ta ciki, launin cikinsa a yawancin zane shuɗi-kore ne mai ƙyalli, wani banish ne da Japanawa ke shafawa don tsatsa, suna ce masa aotake. Gaban fiffike ba'a ninke shi, lanƙwasa shi ake akan tsinken tsire a hankali har ya zagaye, saman yafi ƙasan kumbura. Gam a bakin baya kawai, siriri kamar zare, da ɗan kaɗan a ƙasan haƙarƙari, saman kam barshi ya kwanta da kansa. Ga inda fiffike ke murɗewa: lokacin da kake matse bakin baya, in fatar sama ta zame ko da kaɗan ne akan ta ƙasa shikenan bakin fiffiken zai kalli sama ko ƙasa. Don haka ka kwantar da bakin akan gefen tebur, ka danne da rula tsawonsa gaba ɗaya lokaci guda, ka ƙirga sittin. Zagayayyen bakin fiffike kuma ka kifa shi akan abu mai laushi ka goga da bayan ƙaramin cokali har yayi ɗan kwarmi sannan ka haɗe. A samfurin 21 zakaga layi kusa da bakin, wurin naɗewa ne, rabin mita kowane gefe ake ɗagewa don jirgin ya shiga lif ɗin jirgin ruwan da ke ɗauke dashi. In karonka na farko ne barshi a miƙe.

Mahaɗar fiffike da jiki akwai wani dogon ƙyalle mai kama da ganyen dogonyaro da ke rufe ta. Wannan sai ka lanƙwasa shi ciki, wato fuskar mai launi ce zata yi kwarmi, ka murza shi akan tsinke har ya zauna a wurin da kansa, ka fara liƙawa daga baya ka taho gaba. In yazo a kati mai kauri ka ɓare bayan takardar da reza ya rage kauri, ko ka buga wannan shafin a takarda mara nauyi. Wutsiya bata da wuya, yanda kayi fiffike haka zaka yi ƙanana, ka dai tabbatar na tsayen ya tsaya cak, na kwancen biyu kuma sun yi layi ɗaya in ka leƙo ta gaba.

Injin Sakae 12 na Nakajima silinda 14 gareshi, layi biyu bakwai-bakwai a zagaye, na baya suna leƙowa ta tsakanin na gaba. Naɗe silinda goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya akwai gajiya, gaskiya, kuma in hula ta rufe rabin na gaba kawai ake gani, amma ni ina yinsu duka don ta bakin hular ana hango zurfin. Naɗe kowanne akan tsinken sakace, yi su a zama biyu. Tsakiyar injin ka huda shi daidai ka sa ɗan bututun takarda wanda sandar farfela zata juya a ciki. Hular injin zobba ce ita ma, uku ko huɗu ko fiye, na gaban sirara sosai. Haɗa su kai da kai, in ta bushe ka shafa farin gam ta ciki ya zama kamar ɓawo, sannan ka goga mahaɗan ta ciki da bayan cokali akan abu mai laushi har kusurwoyin su kwanta ta zama zagayayya. Baƙa ce mai ɗan shuɗi, don haka duk bakin da ka manta baka shafa wa baƙi ba zai yi ta ƙyalli daga nesa. Kar ka manta ramuka biyu na bindiga a sama, da mashaƙar iska wadda a wannan samfurin a ƙasan hular take.

Farfela ganye uku, kowanne takarda biyu da siririyar waya a tsakiya, tun gam bai gama bushewa ba ka ɗan murɗa shi tsakanin yatsu, duka ukun gefe ɗaya. Zana da'ira a takarda ka raba ta uku digiri 120-120 ka jera su a kai kafin ka liƙa. Hancin farfelar yanka-yanka yake zuwa kamar furen da bai buɗe ba, lanƙwasa kowane yanki da cokali tukuna, haɗa bibbiyu, cika cikinsa da tishu da gam, in ya bushe ƙarau ka bi da samfefa ka shafa fenti.

Gilashin matuƙi shine fuskar Zero, dogo ne mai sanduna da yawa kamar tagar gidan da, kashi uku: na gaba, na tsakiya mai zamewa baya, da na baya. Fara yanke ramukan tagogin da sabuwar reza tun firam ɗin yana jikin shafinsa, sannan ka yanko kewayen, in kayi akasin haka zai yage a hannunka. Shafa wa bakunan launi, lanƙwasa shi, lanƙwasa robar bayindin ɗin daban akan biro, in tayi taurin kai tsoma ta a ruwan zafi tana naɗe sannan ka sa a na sanyi. Kashi-kashi zaka liƙa, kowane kashi da robarsa. Kuma don Allah kar sufa gulu ya kusanci wurin nan, tururinsa na mayar da robar fari fat kamar hazo, farin gam ɗin dai, ɗigo-ɗigo da bakin allura, in ya bushe baya nunawa. Sandar eriya ta cikin kashin baya take fitowa, ɗan karkace zuwa gaba, fere tsinken sakace kayi ta dashi.

Ƙafafu sai da waya, takarda kaɗai bazata ɗauki jirgin wata da watanni ba. Miƙe kilif, lanƙwasa shi bisa zanen da aka bayar, ƙasa ya zama sandar taya, sama ya shige cikin kwalin fiffike, naɗe shi da takardar ƙafar tam-tam, nan ne sufa gulu ke da amfani. Tayoyi kuwa faifan kwali huɗu ko biyar zaka liƙa su kwana, ka soka tsinke a tsakiya kana juyawa akan samfefa har gefen ya zagaye, ka shafa baƙi mai ɗan toka. Ƙafafun Zero ciki suke naɗewa wajen jiki, shiyasa suke a ware sosai, murafensu ta waje suke. Sa ƙafa ɗaya da farin gam, sa ta biyu, ɗora jirgin a tebur tun basu kama ba ka sake auna bakin fukafukan, ka tokare shi da akwatin ashana ta ƙasa ya kwana a haka. Da safe sai 'yar tayar baya, da ƙugiyar da yake kama igiya da ita in zai sauka akan jirgin ruwa, da tankin mai na ƙari a ƙarƙashin ciki in zanenka yazo dashi, da siririn bututun awon gudu a fiffiken hagu, da bakin manyan bindigogi biyu masu milimita 20 a gaban fukafukai.

In zanenka na jiragen Pearl Harbor ne duba wutsiya, wanda lambarsa ta fara da AI kuma yake da jan ɗamara ɗaya a ƙugu na jirgin ruwan Akagi ne, AII da ɗamara biyu na Kaga, ka tabbatar ɗamarar ta haɗu daidai a ƙasan ciki don nan ne ido baya zuwa sai an ɗaga. Wayar eriya daga sandar nan zuwa saman wutsiya, zare ɗaya na baƙin nailan ko gashin doki, ɗigon gam a kowane baki. Rufe gilashin da ɗan tef na takarda ka ƙara fesa banish sau ɗaya sama-sama. Ni nawa sati uku ya ɗauke ni, awa ɗaya zuwa biyu bayan isha'i. Ajiye shi inda rana bata dukansa don jan tutar ne ke fara koɗewa, kuma ka samo masa akwati mai murfin roba ko gilashi ka jefa ƙwayar kafur ɗaya a kusurwa, saboda ƙura da kyankyasai, su kyankyasai gam ɗin suke bi kuma ta wutsiya suke farawa.